Shaidar da Na Bayar a Kan Gonar Babana

A shekarata ta ƙarshe a makarantar kwana, saura kaɗan a ba mu mulkin kai, abin da ya tsaya tsakanina da kwalejin horon malamai babban yatsan Baba ne. Na ci jarrabawa, sunana ya fito, takarda tana ofishin hedimasta tana jiran uba ya dangwala. Baba kuwa ya ce ba zai dangwala ba sai ya ji ta bakin Malam. Ni ne ɗansa na fari, ƙannena maza duk ƙanana ne, ga gona. A ganinsa shekarun da na riga na yi a boko aro ne ya ba hukuma, kuma lokacin mayarwa ya yi.

Malam ɗin nan wani dattijo ne a Kiru. Ya daɗe yana mufti a kotun alƙali, wato mai zama gefen alƙali yana duba masa littattafai, har ido ya fara gajiya ya dawo zaurensa yana karantar da manya. Duk ranar kasuwa Baba yakan taso daga ƙauyenmu na wajen Ɗansoshiya ya ɗauki karatu a wurinsa. In Malam ya ce abu ya yi, to a gidanmu ya yi. Ra'ayinsa game da boko kuwa ba wanda ya sani. Bai taɓa zaginta ba, bai kuma taɓa yabonta ba, kuma shirun nan nasa ya fi zagi tayar mini da hankali.

Malaminmu na Turanci ne ya ce ya san dabarar da za a yi. Ɗan birni ne, matashi, alƙalami uku a aljihu, kuma ya ɗauki maganar kwalejina da zafi kamar shi zai tafi. Shi ke kula da muhawara a makarantar. A ƙarshen kowace shekara, bayan an gama kaka, akan kira iyaye su zo su ga abin da 'ya'yansu suka koya, a yi tsalle-tsalle da guje-guje, a rufe da muhawara. Ya ce bana zai rubuta wa Malam takarda ya roƙe shi ya zo ya zama alƙali na uku. In dattijon ya ga yara suna magana da hujja, a gaban manya, cikin ladabi, ai shi da kansa zai ce wa Baba ya bar ni. Na ce to. Ban ga wata hanya ba.

Ga yadda muke muhawara. Duk Asabar da la'asar ake yi, da Turanci, sai ranar iyaye kaɗai ake yi da Hausa. Malami zai kawo batu, ko da yaushe wani abu ne da ake cewa hukuma ta yi ko ta bari. Sai ya karyo tsinken tsintsiya biyu, dogo da gajere, ya dunƙule a hannu. Wanda ya ja dogo shi ne mai goyon baya, wanda ya ja gajere shi ne mai suka. Ba a tambayar abin da ke zuciyarka. Ni da kaina na taɓa kare jaki a kan keke, bayan mako biyu aka maimaita batun na ja ɗaya tsinken, na yi wa jaki kaca-kaca. Mun saba da wannan har ba ma ganinsa wani abin da sai an yi wa mutum bayani.

Abin da muka fi ba ƙarfi shi ne sanin alƙalai. Yaran da ke makarantar daga Bebeji suke, da Kiru, da Tudun Wada, har can Riruwai, ba abin da muke haɗuwa a kai sai wannan: kowane alƙali da irin kunnensa, kuma wanda bai san kunnen alƙalinsa ba ya faɗi tun bai buɗe baki ba.

Malamin Turanci da takarda yake hukunci. Yakan sa rula ya raba shafi biyu, ya rubuta kowace hujja da lambarta. In abokin karawarka ya amsa hujjar, ya soke ta. A ƙarshe ya ƙirga waɗanda ba a soke ba, mai yawa ya ci. Ko cewa ka yi kaza tana da ƙafa huɗu, muddin wancan bai musa ba, to a takardarsa kaza tana da ƙafa huɗu. Yana da agogo a kan tebur, minti biyar-biyar. Yana rage maki in ka tsawaita gaisuwa, yana kuma rage maki in ka sunkuyar da kai, ya ce mai gaskiya yana kallon mutane ido cikin ido. Mu da aka rene mu da ranƙwashi in muka kalli babba a ido, wannan sharaɗin ya fi ba mu wahala.

Alƙali na biyu malamin gona ne na En'e, wato hukumar gargajiya, mai yawo ƙauyuka a kan keke. Shi ba ya rubuta komai. Zai zauna ya harɗe hannuwa, ka gama zubo Turancinka, ya ce, to wa zai yi aikin, kuma da me za a yi? In ba ka da amsa ka sha ƙasa, ko da hujjojinka sun kai ashirin. Mutumin kirki ne, amma a shekarar nan yana da ciwon da ke damunsa: an turo masa takin zamani a buhuna, manoma sun ƙi karɓa, suna cewa yana ƙona ƙasa. Da aka ce ya zaɓi batun ranar iyaye bai ko yi tunani ba. Batun shi ne, En'e ta wajabta wa kowane manomin gyaɗa sa takin zamani, a daina dogara da kashin shanu.

Mu biyu aka zaɓa, ɗaya-ɗaya, don kada iyaye su gaji. Ni da wani yaro ɗan Riruwai, baki gare shi kamar reza, babansa haƙar kuza yake yi. Saura mako guda aka ja tsinke a aji. Na ja dogo.

Raina ya ɓaci ƙwarai, domin ban yarda da batun ba ko kaɗan. Tun kafin a haife ni akwai wani Bafulatani abokin Baba, muna ce masa Baffa, da yake kawo shanunsa gonarmu duk shekara bayan an kwashe amfani. Su ci kara da harawa, su kwana a nan wata biyu ko uku, ana matsa mashekarin daga wannan gefe zuwa wancan. Baba ya ba shi dawa, matarsa ta kawo wa Inna nono da man shanu. Gonarmu ba ta taɓa ba mu kunya ba. Na je na sami malamin Turanci na ce a bar mu mu yi musaya, tunda Baba zai zo. Ya ce sam. Ba ra'ayina ake tambaya ba, iyawata ake dubawa, kuma amfanin muhawara ke nan.

Ɗan Riruwai shi dariya abin ya ba shi. Ya ce shi fartanya ma bai san ta ina ake riƙe ta ba, yaya zai kare kashin shanu? Sai na zaunar da shi na juye masa duk abin da na sani: yadda takin shanu yake riƙe laima, yadda ƙarfinsa yake kaiwa damina biyu har uku, yadda manomi da makiyayi kowa yake samun nasa ba tare da an jira buhu daga birni ba. Ya rubuce tas. Ni kuma na je wurin malamin gona na kwaso nawa hujjojin. Ya yi ta zuba har na gaji da rubutu.

Saura alƙali na uku. Abokaina suka yi ta tambayata me yake so, tunda ni na san shi. Na san ba ya son gaggawa a magana, ba ya son a nuna mutum da yatsa, kuma wanda ya cika rantsuwa a gabansa ya zubar da kansa. Na shirya a kan wannan. Na raba jawabina gida uku a raina: gaisuwa mai kyau da nutsuwa don Malam, hujjoji masu lamba don malamin Turanci, wa zai yi da me za a yi don malamin gona. Maganar ido kuma na yanke shawarar in riƙa kallon hulunan mutane. Na ɗauka na rufe kowace ƙofa. Abu guda ne bai zo mini a rai ba, bai kuma zo wa malamin Turanci ba da duk wayonsa. A kotun alƙali babu lauya. Kowa da bakinsa yake zuwa, kuma wanda ya tsaya ya yi magana, maganarsa ce. Malam ya yi shekara da shekaru a can, kuma ba wanda ya gaya masa labarin tsinke.

Ranar ta zo. Malam ya iso a kan doki, Baba na biye da shi a ƙasa. Aka shimfiɗa wa iyaye tabarmi a inuwar tsamiya, aka ajiye tebur da kujeru uku. Malam ya ce shi kujera tana sa masa ciwon baya, aka shimfiɗa buzunsa a gefen teburin. Malamin Turanci ya durƙusa ya miƙa masa takardar maki da fensir, ya yi masa bayanin layukan. Malam ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya ninke takardar ya sa a ƙarƙashin gwiwarsa. Baba ya zauna daidai bayansa.

Ni na fara. Na gaishe da Malam, na gaishe da malamai, na gaishe da iyaye, na tambayi hanya da gajiya, ina ganin malamin Turanci yana duban agogo yana girgiza ƙafa. Sannan na shiga. Na ɗaya, shanu ba su isa kowace gona ba, sai wanda ya yi sa'ar aboki makiyayi. Na biyu, kashin shanu yana kawo 'ya'yan ciyawa, noma ya ƙaru. Na uku, buhu guda jaki zai kai shi gona komai nisanta. Na faɗi wanda zai raba, na faɗi inda za a ajiye. Malamin gona yana ta gyaɗa kai har na ji tsoron hularsa za ta faɗi.

Da na ji mutane sun yi tsit suna saurarona, kaina ya kumbura. Na tuna malamin Turanci yana ba da maki na musamman in an kawo misali na zahiri. Misalin da ya fi kusa da ni shi na ɗauka. Na ce ko gonar gidanmu, shekara da shekaru shanu muke jira, in sun makara mu makara, kuma da takin zamani muke sawa da rumbunmu ya fi haka cika. Na ce tsohuwar hanya ta yi aikinta, lokacinta ya wuce. Ina faɗa idona ya sauka daga kan huluna ya faɗa kan fuskar Baba. Muryata ta hau rawa. Na sunkuyar da kai, na ƙarasa sauran ina kallon ƙasa, na wuce lokaci na zauna.

Ɗan Riruwai ya tashi ya yi abin da ya iya. Ya ɗauki hujjojina ɗaya bayan ɗaya ya amsa, ya jero nasa, waɗanda nawa ne, da irin kalmomin da na ba shi. Har dariya ya ba mutane. Na ga Baba yana murmushi lokacin da ya zo kan maganar laima. Da aka ba ni damar mayar da martani, biyu kawai na iya taɓawa, sauran na san gaskiya ne, na bar su.

Kowane alƙali yakan faɗi hukuncinsa da dalilinsa a bainar jama'a. Malamin Turanci ya duba takardarsa ya ce na bar hujja biyu ban amsa ba, na wuce lokaci, na kalli ƙasa, saboda haka ya ba ɗan Riruwai. Na san abin bai yi masa daɗi ba, amma mutum ne da ba ya cin amanar rularsa. Malamin gona ya ba ni. Wannan ba abin alfahari ba ne, ranar ko jaki ne ya yabi takinsa da ya ba shi. Kunnen doki ke nan, saura Malam.

Malam ya ce a matso masa da mu. Muka durƙusa a gabansa. Ya tambayi ɗan Riruwai sana'ar mahaifinsa, ya ce haƙar kuza. Ya tambaye shi ko ya taɓa kwana a gonar da shanu suka sauka, ya ce a'a. Ya juyo gare ni. Ya san amsa, amma ya tambaya don jama'a su ji: sana'ar mahaifina, da ko na taɓa noma gonar da na ambata. Na ce noma, na ce tun ina ƙarami.

Sannan ya ce, "Ni ban iya wannan takarda ba, abin da na sani zan yi. Ba a karɓar shaidar wanda bai ga abu da idonsa ba. Wannan yaro ya yi magana mai daɗi, amma ji ya yi. Ba a kuma karɓar shaidar ɗa in ubansa ne zai amfana da ita. To amma in ɗa ya tsaya ya ba da ita a kan ubansa, ga uban a zaune, muryarsa tana rawa bai fasa ba, wannan ba a mayar da ita. Na ba ɗan manomin."

Aka yi tafi. Ɗan Riruwai ya zungure ni da gwiwar hannu, ya ce a hankali, sannu mai gaskiya. Ban ko kalle shi ba.

Bayan an yi sallar la'asar aka kira ni. Malam yana kan buzunsa, Baba na gefe, malamin Turanci yana tsaye nesa kaɗan da takardar kwaleji da tawadar dangwale, ya riga ya ɗauko su don kada a yi sanyi. Na durƙusa. Malam bai yi doguwar magana ba.

"Ka bar shi ya tafi," ya ce wa Baba. "Na zo da shakka. Amma wurin da aka koya wa yaro ya faɗi abin da ya gani, ko da a kan gidansu ne, bai ɓata shi ba."

Baba ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na ji."

Kalma kaɗan ce ta rage in faɗa: tsinke muka ja. Tana bakina. Na san in na faɗe ta Malam zai tambaye ni, wato ana koya muku ku tsaya gaban mutane ku faɗi abin da ba ku yarda da shi ba? Na kuma san abin da zai ce wa Baba bayan nan. Na ɗaga ido na dubi malamin Turanci, shi ma ya ji komai. Ya yi gyaran murya, ya hau gyara murfin tawada. Sai na mayar da kaina ƙasa. Yaro ya durƙusa gaban manya ya yi shiru, ba wanda zai ga laifinsa, ladabi ma za a kira abin. Baba ya miƙa yatsa aka shafa masa tawada, ya dangwala. Na ji kunya, na kuma ji daɗi, kuma in zan faɗi gaskiya daɗin ya fi yawa.

Na tafi kwaleji da sabuwar shekara. Daga baya ni ma na zama malami, na zauna a teburin alƙalai sau da yawa, da rula da agogo. Duk lokacin da aka gayyato wani dattijo daga gari ya zauna tare da mu, kafin a fara nakan matsa kusa da shi in gaya masa cewa yaran nan ƙuri'a suka ja. Wasu su yi dariya, wasu su ɓata fuska. Malam ya rasu ina aji biyu a kwaleji, bai sani ba. Baba ma har ya koma ga Allah ban gaya masa ba.

Hutuna na farko ya zo daidai da saukar ruwa. Na isa gida da yamma, na bi ta gona kamar yadda na saba. Na ga an yi sharar gona tas, amma babu baƙin wurin nan da shanu suke bari, babu ko turke ɗaya. Inna ce ta ba ni labari tana tuƙa tuwo. Ta ce kwana kaɗan bayan tafiyata Baffa ya iso da shanunsa kamar kullum. Baba ya tarbe shi, ya sa aka kai masa abinci, ya ba shi dawarsa ta kowace shekara, sannan ya ce masa bana ya gwada wata gonar. Baffa bai tambayi dalili ba. Washegari ya kaɗa shanunsa ya yi kudu, wajen Doguwa. Shi kuma Baba ya ɗaura wa jaki akumari ya tafi wurin malamin gona, shi ne mutum na farko a ƙauyenmu da ya karɓi buhu. Mutane sun yi ta yi masa surutu, ya ce yaron nan ya faɗa a gaban jama'a, Malam kuma ya karɓi shaidarsa.

Tuwon bai shiga ba, na ce gajiyar hanya ce.

Da safe muka fita shukar gyaɗa, ni da shi. Ya sauke buhun a bakin gona, ya kwance bakinsa a hankali, ya ɗebo a ƙwarya. Wasu 'yan ƙwayoyi ne masu ruwan toka. Duk jawabin da na yi a kansu, ranar na fara ganinsu da idona. Ya miƙo mini ƙwaryar.

"Kai ka san shi," ya ce. "Nuna mini yadda ake sawa."

Na karɓa. Na ɗebi kaɗan da yatsu uku, ban san ko ya yi yawa ko ya yi kaɗan ba, na zuba a gefen ramin shuka. Baba ya sunkuya ya duba yawan da na zuba da kyau. Sannan ya ɗebo nasa da yatsu uku, ya biyo bayana rami bayan rami, yana yin daidai yadda na yi.